«Red tape», jan kirtanin da ya ɗaure takardun Ingila

Duk wanda sana'arsa ta haɗa shi da Jibiya, Katsina ko Kano, ko kuwa yakan kama sashen Ingilishi na rediyo da dare, ba zai rasa jin waɗannan kalmomi biyu ba: «red tape». Minista na faɗin su in ya tashi yin alkawari, ɗan kasuwa na faɗin su in kayansa sun yi wata a tashar jirgin ruwa, ɗan jarida kuwa na sa su a kan labari domin gajeru ne, ba su cin wuri. Mu da muka yi lakwal da Faransanci, muka tsinci Ingilishi a koleji da lise sa'o'i kaɗan cikin mako, mukan gane kowace kalma ita kaɗai: «red» ja ne, «tape» kuwa wani abu ne dogo siriri. Sai mu haɗa su mu samu «ruban rouge», daga nan hanya ta ɓace mana. Domin a wurin Bafaranshe, ruban rouge shi ne ɗan jan ƙyallen da ake maƙala wa wanda aka bai wa lambar Légion d'honneur, ko kuma alamar yaƙi da cutar sida da ta bazu cikin duniya tun 1991. Can abin girmamawa ne. A wurin mutumin Ingila ko Amurka kuwa, in ya ce «red tape», tsaki ne ya ja.

Abin da yake nufi shi ne ƙa'idodi da takardun ma'aikata da suka yi yawa har suka fi aikin da aka kafa su dominsa nauyi: cike wannan, kawo kwafi uku na wancan, jira sa hannun wane da ya tafi ta'aziyya ƙauye, jira hatimin da ke cikin teburin da aka kulle. Masu harshen ba su ƙidaya shi. Kamar gero yake ko ruwa, ana cewa ya yi yawa ko ya ragu, ba a cewa ɗaya ko biyu, ba a kuma liƙa masa «s» na jam'i. Mutum yakan ce aikinsa ya ɗaure a ciki, «tied up in red tape». Gwamnati takan yi alkawarin yanke shi, «cut red tape». Mai wayo ko mai uwa a gindin murhu shi ne wanda ya keta ta cikinsa ya wuce, «cut through». A kiyaye kada a haɗa wannan yanka da na ƙyallen da gwamna ke sa wa almakashi ranar buɗe sabuwar kasuwa, wancan «ribbon» suke ce masa. Akwai kuma «red carpet», jar darduma ta manyan baƙi. Launinsu ɗaya da kirtaninmu, amma ba su haɗuwa a kan mutum ɗaya: wanda aka shimfiɗa wa dardumar ba ya ganin kirtanin.

Kirtanin kuwa na gaske ne, ba misali ba ne kawai. Wani saƙaƙƙen zare ne na auduga ko lilin, mai ɗan faɗi kamar lagwanin fitilar ƙwai, wanda lauyoyi da magatakardan Ingila ke ɗaure takardu da shi tun ƙarni na 17 aƙalla. A lokacin babu ƙusar maƙala takarda, babu jakar kwali mai roba. In shari'a ta tara takarda arba'in, sai a naɗe su, a zagaya su da kirtani, a ƙulla, a rubuta suna a baya, a jera bisa kanta. Jan launi da takardun mulki ma sun daɗe tare. A ɗakin ajiyar takardu na Batikan akwai wasiƙar da manyan Ingila suka aika wa Paparoma Clement na 7 a 1530, suna roƙon ya raba auren Sarki Henri na 8 da matarsa ta fari, Catherine ta Aragon. Hatimai sama da 80 ke rataye a gindinta da jajayen zaruruwan siliki. Duk da nauyin hatiman, Paparoma bai raba auren ba, kuma cikin shekaru huɗu Ingila ta raba gari da Roma.

Ke nan aikin kirtani na asali shi ne ya hana takarda ɓacewa. Wannan shi ne abin da nake so mai karatu ya riƙe, domin za mu dawo gare shi.

Sunan ya ɓaci sosai ne a ƙarni na 19, lokacin da ma'aikatun Landan suka yi ƙiba. Marubuci Thomas Carlyle ya zage shi cikin ƙasidunsa na 1850. Amma abin da ya kai shi bakin talaka shi ne yaƙin Kirimiya, daga 1853 zuwa 1856, inda cuta da sanyi suka kashe sojojin Ingila fiye da yadda harsashin Rasha ya kashe su. Ba don ƙasarsu ta rasa kaya ba ne. Ruwan lemun tsami, maganin ciwon da ke ruɓar da dasashi, ya iso tashar Balaklaba cikin watan Disamba na 1854, ba a soma raba shi ga sojoji ba sai cikin Fabrairu na 1855, domin ba ya cikin jerin abincin da ƙa'ida ta ce a raba. An aiko musu da ƙwayar gahawa ɗanya, ba soyayya ba, ga mutanen da ba su da itacen hura wuta. Kowane jami'i yana da takardar da ta wanke shi, sojoji kuwa suna mutuwa cikin laima. Jaridu suka kwashe labarin suka kai gida, gwamnatin Lord Aberdeen ta faɗi a farkon 1855. A ƙarshen shekarar nan Charles Dickens ya soma fitar da littafinsa Little Dorrit kashi-kashi, ya ƙare a 1857. A ciki ya ƙirƙiro wata ma'aikata da za mu iya kira Biron Kewaye-kewaye, wadda dangi ɗaya suka gāda, gwanintarta duka ita ce sanin yadda za a hana abu yiwuwa. Tun daga nan kirtanin bai sake wanke sunansa ba. Ya bi mulkin Ingila har Indiya, inda masu harshen Hindi suka fassara shi kai tsaye, suna cewa «lal fita».

Wani abu da ke ba ni sha'awa shi ne inda kowace al'umma ta kafa idonta a kan ciwo ɗaya. Bature na Ingila ya dubi kirtani. Bafaranshe ya dubi tulin takarda ya ce «paperasse», ya dubi tebur ya ƙago «bureaucratie» tun tsakiyar ƙarni na 18, sa'an nan ya dubi mazaunin ma'aikaci: «rond-de-cuir» ɗan matashin fata ne da akawu ke zama a kai, kuma da shi Courteline ya yi wa ma'aikata suna a littafinsa na 1893. Dukansu biyu daga cikin biro suke kallo, abin da ke bisa tebur ko bisa kujera suka gani. Bahaushe kuwa daga bakin ƙofa ya san ma'aikata, saboda haka maganarsa ta ƙafa ce da ta rana: «je ka ka dawo», «sai gobe», «ana nan ana kai», «mai sa hannu bai zo ba». Harshenmu ma ya yi mana wata kyauta da Ingilishi ba shi da ita. In ka rubuta «jan kirtani», ba a san ko launi kake nufi ko janyewa ba. Ga jan ƙafa, ga jan rai, ga jan lokaci, duk ƴan ɗaki ɗaya ne. Da Dickens ya ji Hausa, da bai bar wannan ta wuce shi ba.

Na san ɗanɗanon abin a gidanmu. Shekarar da wani ƙanena zai shiga gasar ɗaukar ma'aikata, an nemi ya haɗa dosiye: takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, takardar likita, da kaziye, wato shaidar kotu cewa ba a taɓa ɗaure shi ba. Biyun ƙarshe dole kada su wuce wata uku. Kaziye a kotun garin da aka haife shi ake karɓa, tafiyar yini guda a mota. Ya je ya karɓo. Takardar zama ɗan ƙasa kuwa sai da takardar haihuwar mahaifinmu, wanda aka haifa a lokacin da ba mai rubuta haihuwa a ƙauyensu. Aka nemo shaidu tsofaffi, aka kai su gaban alƙali, aka jira. Ranar da takardar ta fito, kaziye ya kwana tara da mutuwa. Ya sake shiga mota. Ba wanda ya zage shi a wannan tafiya duka, ba wanda ya nemi ko dala a hannunsa. Kowa ya yi aikinsa bisa ƙa'ida, kuma wannan shi ne «red tape» tsantsa.

Na faɗi haka ne domin da yawa cikin ƴan kasuwarmu, in sun ji kalmar a bakin abokan cinikinsu na Kano, sukan ɗauka cin hanci ake nufi. Ba shi ba ne. Cin hanci yana da sunayensa dabam a Ingilishi. Sai dai kirtanin shi ne gonar da hanci ke tsira a ciki, domin duk ƙofar da aka ƙara, an ƙara mai gadi. Wani masanin tattalin arziki na ƙasar Peru, Hernando de Soto, ya gwada abin a fili a 1983. Ya sa mutanensa su buɗe ƙaramin shagon ɗinki a gefen birnin Lima, su nemi izini ta hanyar doka, kada su ba da hanci sai in hanya ta toshe gaba ɗaya. Sun yi kwana 289 kafin takardu su cika. Sau goma aka nemi su ba da wani abu, sau biyu suka bayar domin babu yadda za su yi. Wanda ya karanta wannan ba zai ƙara mamakin abin da ya sa tela ke ɗinkinsa a zaure ba tare da takarda ba. Ba ƙin doka yake yi ba, kwana 289 ne ba shi da su.

Har nan ina tare da masu tsaki. To amma kalmar tana da wata fuska, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

«Red tape» ba suna ba ne kawai, hukunci ne. Da zarar ka kira ƙa'ida da shi, ka gama yi mata shari'a ba tare da ka saurare ta ba. Babu wanda zai tashi a majalisa ya ce shi mai kare «red tape» ne, kamar yadda ba wanda zai ce shi mai goyon bayan sauro ne. Ƴan siyasa sun gane daɗin wannan. A Amurka, rahoton gyaran ma'aikatu da mataimakin shugaban ƙasa Al Gore ya fitar a 1993 da kalmar ya yi take. A Ingila, gwamnatin David Cameron ta buɗe wani shiri a 2011 mai suna Red Tape Challenge, inda aka gayyaci jama'a da kamfanoni su nuna ƙa'idodin da za a soke. Aka kuma kafa wani lissafi: duk ma'aikatar da za ta ɗora wa kamfanoni sabon nauyi, sai ta sauke musu kwatankwacinsa. A 2013 aka ce sai ta sauke ninki biyu, a 2016 aka ce ninki uku. Can ma har da ƙonawa suke yin alkawari, suna cewa za a tara kirtanin a cinna masa wuta. Mu kuwa mun ce kowa ya ƙone rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi.

Daren 14 ga Yuni 2017, firji ya kama wuta a hawa na huɗu na wani dogon gida mai hawa 24 a yammacin Landan, Grenfell Tower, gidan hukuma ne da galibin mazaunansa masu ƙaramin ƙarfi ne, da yawa kuma baƙi ne ko ƴaƴan baƙi. Wutar da ya kamata ta tsaya a ɗaki ɗaya ta fita ta taga ta kama rufin da aka yi wa bangon waje a gyaran da aka gama a 2016, faranti ne na gorar ruwa masu roba a tsakiya, robar kuwa tana ci kamar an zuba mata kananzir. Cikin ƙasa da awa guda wuta ta kai ƙololuwar gidan. Mutum 72 suka rasu.

Ba a ce ba a yi gargaɗi ba. A 2009 wata gobara a wani dogon gida na kudancin Landan, Lakanal House, ta kashe mutum shida, kuma a 2013 mai binciken mutuwar ta ba da shawarar a sake duba littafin ƙa'idodin gini da ya shafi wuta. Shekara huɗu suka wuce ba a gama dubawa ba. Kwamitin bincike na Grenfell, ƙarƙashin tsohon alƙali Martin Moore-Bick, ya fitar da rahotonsa na ƙarshe a watan Satumba na 2024. Ya kama kamfanonin da suka sayar da kayan da laifin rashin gaskiya, ya kama masu gyaran da sakaci, ya kuma nuna cewa zafin son rage ƙa'idodi ya mamaye tunanin ma'aikatar da ke kula da gidaje har ta yi ta jinkirta abubuwan da suka shafi rayukan mutane. Abin lura a nan shi ne, jinkirin da ya yi kisa a Balaklaba na masu bautar ƙa'ida ne, wanda ya yi kisa a Grenfell kuwa na masu gudun ƙa'ida ne. Karin maganar tana da suna ga na fari, ba ta da suna ga na biyu.

Ma'aikatan da ke karanta wannan shafi, waɗanda ake zagi kullum a tasha da kasuwa, ya kamata su san sunan wata mata, Frances Kelsey. A 1960, tana sabuwar ma'aikaciya a hukumar magunguna ta Amurka, aka ajiye mata dosiyen wani maganin barci, talidomid, wanda ake sayarwa a ƙasashe da yawa har ana bai wa mata masu ciki. Ta ga shaidun ba su cika ba, ta mayar da takarda ta ce a ƙaro. Aka ƙaro, ta sake mayarwa. Kamfanin ya yi ta kai ƙararta wurin manyanta cewa tana jan ƙafa. Kafin ƙarshen 1961 aka gano maganin na sa a haifi jarirai da guntayen hannuwa da ƙafafu, dubbai ne a Jamus da Ingila da sauran wurare. Amurka ta tsira daga mafi yawan wannan bala'i, kuma a 1962 shugaba Kennedy ya rataya wa matar lambar girma. A idon mai maganin, wata goma sha da ta riƙe takardar nan «red tape» ne. Ban san sunan da iyayen yaran da aka haifa lafiya za su ba shi ba, amma ba wannan ba ne.

A gidanmu ma kirtanin ya taɓa yi mana rana. Bayan rasuwar mijin wata gwaggona, wani ya taso da takarda ya ce filin da take zaune a kai an sayar masa tun mijin na da rai. Na raka ta ma'aikatar da ke ajiyar takardun filaye. Aka tura mu wurin wani dattijo a ɗakin baya, wanda ƙura ta yi wa hula ta biyu. Ya tambayi unguwa da shekara, ya hau kujera, ya sauko da wani ƙunshi da aka ɗaure da igiyar rama. Ya daɗe yana kwance ƙullin da farce, ba ya son ya yanka. Na ce masa: «Baba, ga reza mana.» Ya ce: «Ɗana, in na yanke, da me zan mayar?» Takardar gwaggo tana ciki, ta goma sha wani abu, da sa hannu da hatimi da tambur ɗinta da ya koɗe. Ta mai ƙarar ba ta da ƴar'uwa a cikin ƙunshin. Maganar ta mutu a nan. Mace ce da ba ta karatu, ba ta da kowa a sama, abin da ya tsaya mata shi ne wani akawu da ya bi ƙa'ida shekara talatin da suka wuce, ya yi kwafi na biyu, ya ɗaure.

Saboda haka in aikin fassara ya kawo mini kalmar, ba na saurin ba ta ma'ana ɗaya. Nakan duba bakin da ta fito. In direban kamiyo ne da ya tsaya shinge na bakwai a nuna takardar da aka riga aka duba a shinge shida, sai in rubuta «je ka ka dawo» ko «wahalar takardu», in ƙara gishiri ma in wuri ya samu. In kuwa mai kamfanin gini ne, ko mai shigo da magani ko taki, ko minista da ya ci abincin rana tare da su, sai in rubuta «ƙa'idodin da ya ce sun yi masa yawa», in bar «ya ce» ɗin a wurinsa, in kuma nemi a faɗa mini wace ƙa'ida ce, lamba nawa, an kafa ta don kare wa. Sau da yawa akan sami amsa mai kyau, ƙa'idar ta tsufa, ko ta maimaita wata, ko an yi ta don wani zamani da ya wuce. Wani lokaci kuma sai mai maganar ya sauya zance.

Kirtanin kansa ya kusa barin aiki. Lauyoyin Ingila sun daɗe suna ɗaure takardun shari'a da shi, sai dai nasu ruwan hoda ne, ba ja sosai ba, kuma kwamfuta ta ci yawancin wurinsa. A Amurka, takardun tsofaffin sojojin yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865, waɗanda gwauraye da marayu suka yi shekaru suna bi don neman fansho, da jan kirtani aka ɗaure su. Da ma'aikatar ajiyar takardun ƙasar ta zo kwance ƙunsassun don ta shimfiɗa takardun ta adana su, ba ta zubar da kirtanin ba. Aka yanyanka shi guntu-guntu, aka sa cikin ƙananan gilasai, kantin ma'aikatar da ke Washinton ya yi ta sayar wa baƙi a matsayin tsaraba, wasu ma don danne takarda bisa tebur.